Baki, Takarda da Jini: Bin Sawun Asali a Ƙasar Haɗejiya

A garin Auyo, kudu maso yamma da Haɗejiya, an taɓa yin wani harshe da ba Hausa ba. Masana sun sanya shi a dangi ɗaya da harsunan Badawa da Ngizimawa, kuma yau babu mai jin sa. Haka ya faru da harshen Shira da na Teshena, can kudu a ƙasar Katagum. Marigayi Russell Schuh, masanin harsunan Cadi na Jami'ar Kalifoniya, ya nazarci 'yan kalmomin da aka samu damar rubutawa kafin su ɓace, ya nuna cewa waɗannan al'ummu su ne tsofaffin maƙwabtan Hausa ta gabas. Harsunan sun mutu, amma masu su ba su ƙare ba. Jikokinsu suna nan a Auyo da Kafin Hausa da Kano da Abuja, kuma idan aka tambaye su ƙabila, mafi yawa za su ce su Hausawa ne, ba kuwa ƙarya suka yi ba.

Wannan shi ne abin da ya sa tambayar asali take da wuyar amsawa a kwarin kogin Haɗejiya. Tambayar kuma ba ta hira ba ce kawai. Ana yin ta idan neman aure ya kai ga manya, ana yin ta idan sarauta ta faɗi, ana yin ta a kan gonar fadama da kakanni suka bari. A 'yan shekarun nan wani sabon mai ba da amsa ya shigo: ɗan kwalbar da ake tofa yawu a ciki a aika wa kamfani a Amurka ko Ingila, bayan makonni a samu shafi mai ɗauke da alƙaluma da jerin mutanen da aka ce dangi ne. 'Yan boko da dama, musamman mazauna ƙetare, sun ɗauki wannan shafi tamkar hukuncin ƙarshe. Tarihin yankin ya nuna cewa shaida ɗaya ne cikin uku. Akwai baki, akwai takarda, akwai jini, kowanne da abin da ya gani da abin da ya ɓace masa, kuma wanda ya fi kusa da barin duniya shi ne wanda aka fi rainawa.

Ƙasar da mutanenta ba su zauna wuri ɗaya ba

Kafin jihadi, abin da ake kira masarautar Haɗejiya yau ƙananan sarautu bakwai ne: Auyo, Garun Gabas, Haɗejiya, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa. Suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Garun Gabas ita ce Biram ta cikin lissafin Hausa Bakwai, Haɗejiya kuwa labarin da ake bayarwa shi ne wani maharbi mai suna Haɗe da matarsa Jiya ne suka kafa ta. Yankin bakin iyaka ne tun fil azal: Hausawa ta yamma, Barebari da Mangawa ta gabas da arewa, Badawa da Ngizimawa a cikin fadamu, Fulani kuma suna bin ciyawa da ruwa. Har gobe ana kiran shugaban ƙauye bulama, kalmar da aka gada daga Barno.

Umaru ɗan Arɗo Abdure ne ya karɓi tutar jihadi, kuma a hannunsa da na ɗan'uwansa Sambo, wanda ya yi sarauta daga wajen 1808 zuwa 1845, aka haɗe waɗannan sarautu wuri ɗaya. Sai zamanin Buhari ɗan Sambo, wanda ya hau gado a 1848, Sakkwato ta tuɓe shi a 1850, ya dawo da ƙarfin yaƙi a 1851, ya yi mulki ba tare da biyayya ga Sarkin Musulmi ba har ya rasu a fagen fama a Gogaram ta ƙasar Bade a 1863. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasashen da ke maƙwabtaka a 1851 da kuma 1854, ya rubuta irin fargabar da sunan Buhari yake jefa mutane. Ga mai neman asali, muhimmancin wannan zamani shi ne yawan jama'ar da ya tayar daga mazauninsu. Garuruwa sun watse, wasu sun gudu, wasu an kamo su an kawo Haɗejiya, aka zaunar da su a gandaye da gidajen sarauta, 'ya'yansu suka tashi da Hausa a baki.

Motsin bai tsaya nan ba. Rabe ya ci Barno a 1893, masu gudun yaƙi suka kwararo yamma. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a daga masarautu da yawa suka bi shi, waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi wasunsu suka ƙarasa Sudan. A watan Afrilu na 1906 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Lowry Cole ta afka wa Haɗejiya, aka kashe Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada, tare da manyan fadawansa da dama. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta sake tarwatsa ƙauyuka. Layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, tashoshi irin su Malam Madori da Birniwa suka jawo fatake da 'yan ƙwadago da dillalan gyaɗa daga nesa. A ƙarshe kogin kansa ya sauya hali: bayan madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara ta canja, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe, masunta da makiyaya suka nemi wani wurin.

Ke nan gida a wannan yanki da wuya a ce bai da ƙaura ko ɗaya a cikin ƙarni biyu da suka shige. Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce: daga wane gari kakan ya taso, a zamanin wane sarki, kuma me ya tayar da shi? Sunan ƙabila yakan biyo baya, domin a nan ƙabila ta sha bin harshe da sana'a da wurin zama.

Shaidar baki

A 1972 Victor Low ya fitar da littafinsa mai suna *Three Nigerian Emirates*, wanda ya gina a kan hirarraki da dattawan Gombe da Katagum da Haɗejiya. Dattawan da ya tarar sun rayu da mutanen da suka ga ƙarni na goma sha tara da idonsu. Yau wannan zangon ya wuce. Tsohuwar da ta kai shekara casa'in a Guri ko Kirikasamma an haife ta ne a zamanin Sarki Usman, wanda ya yi mulki daga 1925 zuwa 1950, amma mai yiwuwa ta tashi a hannun kakar da ta ga ranar da Turawa suka shiga Haɗejiya. Baki biyu kacal ke tsakanin mai tambaya da 1906. Idan ta rasu ba a ɗauki maganarta ba, babu wani ɗakin adana takardu ko ɗakin gwaji da zai maido da ita.

Sai dai baki yana da tarkunansa. Na farko shi ne suna. Bahaushe bai gaji sunan dangi irin na Turawa ba, kuma mutum ɗaya yakan amsa sunaye uku ko huɗu. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba a bakin Fulani, shi ne Bukar a bakin Barebari. Alkunya takan hana uwa faɗin sunan ɗan fari, ta hana suruka faɗin sunan suruki, har jikoki su tashi ba su san sunan yanka na kakansu ba, sai laƙabi irin su Ɗanladi ko Tanko ko Maikifi. Mai bincike da bai tattara dukkan sunayen mutum ba zai iya raba shi biyu, ko ya haɗe mutum biyu su zama ɗaya.

Tarko na biyu shi ne lokaci. Dattawa ba sa ba da shekara, suna ba da zamani: zamanin wane sarki, shekarar wace yunwa, kafin zuwan jirgin ƙasa ko bayansa. Wannan ba rauni ba ne idan mai tambaya yana riƙe da ma'auni. Jerin sarakunan ƙarni na ashirin sananne ne: Haruna daga 1906 zuwa 1909, Abdulƙadir daga 1909 zuwa 1925, Usman zuwa 1950, wani Haruna zuwa 1984, Abubakar Maje zuwa 2002, sannan Adamu Abubakar Maje. Idan aka ce an yi wa kaka kaciya a shekarar da aka naɗa Usman, an sami shekarar haihuwarsa da kusan daidai.

Na uku shi ne son girma. Salsala takan gajarce a tsakiya, inda ake manta waɗanda ba su yi suna ba, ta kuma miƙe a sama zuwa wani wuri mai daraja: Barno, ko Malle, ko Gabas, ko gidan wani mai tuta. Malaman hadisi sun daɗe da samar da maganin wannan, wato duba isnadi. A rubuta wanda ya faɗi magana, da wanda ya ji ta daga gare shi, a tambayi ɓangarorin gida dabam-dabam ba a zama ɗaya ba. Labarin da 'ya'yan uwargida da 'ya'yan amarya suka bayar iri ɗaya, alhali ba sa ga-maciji, ya fi ƙarfin wanda maroƙi ya rera a gidan biki.

Kuma mata ne suka fi riƙe abin da maza suka sake. Goggo da inna su ne suka san wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo wace amarya, wa ya sha nonon wa. Tsofaffin wanzamai ma ma'adana ce, domin su suka san tsagar kowane gida, kuma tsagar fuska ta kusa ƙarewa tare da masu ɗauke da ita. Hoton fuskar kaka mai aska a kumatu takarda ce ta tarihi.

Shaidar takarda

Abu na farko da mai neman takardun Haɗejiya zai sani shi ne inda zai nufa. A zamanin Turawa masarautar tana cikin Lardin Kano, daga 1967 tana cikin Jihar Kano, sai a 1991 aka ƙirƙiri Jigawa. Saboda haka mafi yawan tsofaffin fayiloli suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ƙarƙashin Lardin Kano, wasu kuma a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970, yana da kundayen digiri da rubuce-rubucen hannu. Wanda ya tsaya a Dutse kaɗai zai rasa da yawa. Haka kuma sai an lura da rubutun sunan garin, domin Turawa sun rubuta Hadeija, sun rubuta Hadejia, Barth kuwa ya rubuta Khadeja.

Rubuce-rubucen farko na Turawa, irin su tarihin yankin Katagum da J. M. Fremantle ya wallafa a 1911 da kundin Lardin Kano na W. F. Gowers na 1921, sun fi mai da hankali kan sarakuna da yaƙe-yaƙe, kuma daga bakin fada aka ɗebo su. Abin da ya fi kusa da talaka shi ne rahotannin ƙiyasin haraji da kundayen gunduma. Jami'in Bature yakan zagaya gunduma ƙauye bayan ƙauye, ya rubuta wanda ya kafa garin, daga ina ya zo, yawan magidanta, sana'o'insu, shanunsu da gonakinsu. A nan ne mutum zai iya ganin cewa ƙauyen da ya sani na Hausawa ne zalla an rubuta shi na Mangawa ko na Badawa shekara ɗari da suka wuce. Littattafan haraji da jangali na En'e kuwa suna ɗauke da sunayen magidanta, kuma wannan silsila ta yanke a 1979, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke harajin biyu a Jihar Kano.

Takardar haraji tana da son zuciyarta. Mai ƙirga yana son ya ƙara, wanda ake ƙirgawa yana son ya rage. Makiyayi yakan ɓoye shanu, magidanci yakan ɓoye saurayin da ya isa biya, mata kuwa adadi ne kawai ba suna. Inda mata suke fitowa da sunayensu shi ne littattafan alƙalai. Shari'ar rabon gado ta tilasta a lissafa magada duka, matan aure da 'ya'ya mata da uwa, da kason kowa. Shafi ɗaya na rabon gado yana iya ba da cikakken hoton gida a rana ɗaya. Akwai kuma shari'o'in saki, da na iyakar gona, da na fansar kai daga bauta. Misalin irin arzikin da ke cikin waɗannan littattafai shi ne shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya wallafa a 1994. Kotunan alƙalai sun bar hannun En'e sun koma hannun gwamnatin jiha a 1968, kuma da Larabci aka rubuta na farko-farkonsu, don haka mai bincike yana bukatar malamin da ya iya karanta rubutun hannu na muhutai.

Ba dukkan takardu ke hannun hukuma ba. A gidajen malamai ana rubuta ranar haihuwa da ta rasuwa a bayan Alƙur'ani ko a gefen littafi, mai kwafe littafi yakan sa sunansa da na mahaifinsa da garinsu a ƙarshe, ijaza kuma tana jera malamai ɗaya bayan ɗaya. Ranakun na Hijira ne, kuma shekara 33 ta Hijira daidai take da kusan shekara 32 ta Miladiyya; mafi yawan 1906 ya faɗa cikin 1324. Akwai takardun sallama na sojojin da suka je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, da tsofaffin fasfo na aikin hajji, da rajistar makarantu, inda malami ya sha laƙaba wa yaro sunan garinsu a matsayin suna na biyu. Shekarun haihuwa na takardun boko kuwa sai a yi hattara da su. Dokar da ta kafa tsarin rajistar haihuwa na yanzu ta 1992 ce, kuma ranar 1 ga Janairu da ta cika takardun rantsuwa ƙiyasi ce.

Waɗannan takardu na gida suna cikin adaka da jakar fata, a ɗakunan ƙasa, a yankin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka rusa gidaje masu yawa. Gara da ruwa ba sa jiran mai bincike ya sami hutu.

Shaidar jini

Gwajin ƙwayoyin halitta iri uku ne, kuma kowanne tambayarsa dabam. Na farko yana duba ƙwayar Y, wadda ɗa namiji yake gada daga uba, uba daga kaka, har sama. Na biyu yana duba abin da kowa yake gada daga uwa kaɗai, ita ma daga tata uwar. Na uku, wanda kamfanoni suka fi sayarwa, yana duba gaurayen da mutum ya samu daga ɓangarorin biyu. Idan aka koma baya zuriya goma, guraben kakannin mutum 1,024 ne. Ƙwayar Y tana ba da labarin ɗaya daga cikinsu, layin uwa yana ba da na wata ɗaya.

Wani bincike da Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya nuna cewa reshen ƙwayar Y da ake kira R1b-V88 ya yawaita a tsakanin masu magana da harsunan Cadi, har ya haura kashi 90 cikin ɗari a wata al'umma ta duwatsun arewacin Kamaru, kuma ana samun sa a cikin Hausawa. Dangin wannan reshe suna Turai da yammacin Asiya. Wanda ya ga haka a sakamakonsa zai iya zaton ya sami hujjar cewa kakansa Balarabe ne ko Bature. Alhali rabuwar ta faru ne dubban shekaru da suka wuce, a zamanin da Sahara take da tafkuna da ciyawa, tun kafin a yi Daura ko Ngazargamu. Wannan labarin ɗan Adam ne, ba ya gaskata ko ƙaryata tarihin wani gida a Bulangu.

Alƙaluman ƙabila da ke shafin farko su ne mafi rauni. Kamfani yana kwatanta jinin mutum ne da samfurin da yake da shi, kuma samfurin Afirka kaɗan ne. Wani nazari na 2019 ya gano cewa kashi 78 cikin ɗari na mutanen da ke cikin manyan binciken ƙwayoyin halitta 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kusan kashi 2. Shahararren shirin nan na tattara ƙwayoyin halittar mutum dubu, daga Nijeriya Yarbawan Ibadan da mutanen Esan kaɗai ya ɗauka. Babu rukunin Auyakawa ko Teshenawa da za a auna kowa da shi, saboda haka na'ura takan jingina mutum ga wanda ya fi kusa a cikin abin da take da shi, kuma alƙaluman sukan sauya duk lokacin da kamfani ya sabunta samfurinsa.

Jerin dangi ya fi amfani, domin a kan awo yake. Mutum yana tarayya da mahaifi ko mahaifiya a kashi 50 cikin ɗari, da kaka a kusan 25, da ɗan kawu ko ɗan goggo a kusan 12.5, da wanda kakanninsu suke wa da ƙani a kusan 3. Daga nan abin yakan dusashe, har kusan rabin waɗanda suka haɗa kaka a zuriya ta biyar ba za a ga alamar komai a tsakaninsu ba. Amma an gina lissafin ne a kan al'ummar da ba ta auren zumunci. A gidan da 'yan maza zar da taubasai suka yi ta auren juna zuriya bayan zuriya, kamar yadda aka saba a rugage da gidajen sarauta da na malamai, jini ɗaya yana isowa ta hanyoyi da yawa, sai na'ura ta nuna ɗan'uwa na nesa tamkar na kusa. Auren mace fiye da ɗaya ma yana rikita ta: 'yan uba suna tarayya a kusan kashi 25, daidai da kaka da jika, daidai da baffa da ɗan ɗan'uwansa. Sai wanda ya riga ya zana bishiyar gidansu daga baki da takarda ne zai iya fassara adadin.

Inda jini yake aiki sosai shi ne idan an yi masa tambaya ƙunƙuntacciya. Alal misali, gida biyu, ɗaya a Haɗejiya ɗaya a Nguru, kowanne yana cewa kakansu na maza ɗaya ne. Gwajin ƙwayar Y na namiji ɗaya daga kowane gida zai iya ƙarfafa maganar ko ya nuna akwai yankewa a wani wuri. Kuma idan za a yi gwajin gauraye, a fara da mafi tsufa a gida, tun da abin da yake ɗauke da shi daga magabata ya ninka na 'ya'yansa.

Dangin da ke bayan teku da bayan hamada

Wani lokaci jerin yakan nuna baƙon suna daga Amurka ko Birazil, da ɗan guntun tarayya. Tarihi yana da bayanin wannan. A 1854 wani ɗan mishan Bajamushe, Sigismund Koelle, ya wallafa *Polyglotta Africana*, inda ya tattara kalmomi daga bakin bayin da jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato a teku aka sauke su a Saliyo. A cikin harsunan da ya rubuta akwai Bade da Ngizim da Duwai, kuma ya rubuta garuruwan masu ba shi kalmomin da yadda aka kama su. Wato mutanen waɗannan fadamu sun kai bakin Tekun Atalantika a ɗaure. Waɗanda ba a ƙwato ba, da yawa sun ƙare a Bahiya ta Birazil, inda bayi Hausawa suka yi bore a 1807 da 1809 da 1814.

Wasu kuma arewa aka bi da su, ta hamada zuwa Fezzan da Tarabulus, wasu suka tafi gabas da ƙafarsu, a hanyar Makka, suka zauna a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu. Ba safai waɗannan suke fitowa a jerin ba, domin jerin yana nuna waɗanda suka sayi gwaji ne kaɗai, kuma mafi yawansu suna Amurka da Turai. Dangin Sudan an fi samun su ta tsofaffin wasiƙu da bakin alhazai.

Abin da bincike kan tono

Duk wanda ya shiga wannan aiki a ƙasar Haɗejiya ya shirya haɗuwa da bauta, ko ta ɓangaren mai mallaka, ko ta ɓangaren wanda aka mallaka, sau da yawa ma duka biyu a jiki ɗaya. Shari'a ta ba ɗan sa-ɗaka 'yanci da gado daidai da ɗan matar aure, don haka layin uwa na manyan gidaje da dama yana komawa ga wata yarinya da aka kamo a yaƙi, wadda ba a riƙe sunan garinsu ba. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na wannan shekara, amma ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wannan jiya-jiya ne. Har yanzu kalmar asali tana iya rusa baiko, kuma takardar fansa da ɗalibin tarihi zai yi murna da ita tana iya zama makami a hannun mai neman ɓata wani gida. Abin da mutum ya gano game da nasa kakannin hakkinsa ne. Abin da ya ci karo da shi game da na maƙwabci amana ce.

Haka batun rashin dacewar jini. Idan gwaji ya nuna gida biyu ba su haɗa kakan maza ba, zuciya takan yi saurin zargin wata baiwar Allah da ta daɗe a kabari. Alhali hanyoyin shiga salsala ba tare da haihuwa ba suna da yawa a wannan al'umma: ɗan riƙo, agola, almajirin da ya girma a gidan malaminsa, bara ko 'yantaccen bawa da ya ɗauki sunan ubangidansa, marayan yunwa da wani ya tsinta. Shari'ar Musulunci ta jingina ɗa ga auren da aka haife shi a ciki, kuma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta yanke cewa ba a amfani da gwajin ƙwayoyin halitta don kore nasabar da ta tabbata a shari'a. Akwai kuma zumuncin da jini ba ya gani sam, kamar 'yan'uwantakar shan nono, wadda take haramta aure.

Sannan akwai batun sirri. Wanda ya aika yawunsa ya aika wani ɓangare na bayanan iyayensa da 'yan'uwansa da 'ya'yansa, ba tare da sun sa hannu ba. A 2023 masu kutse sun sami bayanan kusan mutum miliyan 6.9 daga kamfanin 23andMe, a watan Maris na 2025 kuma kamfanin ya shigar da takardun karayar arziki, makomar rumbun bayanansa ta zama abin ciniki a gaban kotu. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sanya bayanan ƙwayoyin halitta cikin masu bukatar kariya ta musamman. Kafin a miƙa wa tsoho kwalba, hakkinsa ne a bayyana masa, da harshen da yake ji, inda yawun zai je da abin da zai iya fitowa.

Da wanne za a fara

Tsarin aikin yana bin saurin lalacewar shaidun ne. Jini ba ya gudu. Yana jikin 'ya'ya da jikoki, kuma gwajin yana ƙara inganci da araha. Fayilolin Kaduna suna tsufa, amma suna da rufi da masu gadi. Adakar gida tana cikin haɗari duk damina, don haka a ɗauki hoton kowane shafi da waya, gaba da baya, a rarraba wa 'yan'uwa a garuruwa dabam-dabam. Dattawa kuwa su ne na yau, ba na hutun Sallah mai zuwa ba. Magana ba ta zama tarihi sai shaidu biyu da ba su ji daga juna ba sun haɗu a kanta, abin da ya tsaya a kan shaida ɗaya kuma a rubuta shi da sunan wanda ya faɗa.

Zama na farko ba ya bukatar komai sai waya mai ɗaukar murya, da goro, da haƙuri. A tambayi tsohuwa sunan mahaifiyarta da dukkan laƙabinta, da garin da aka ɗauko ta, da irin tsagar da ke fuskarta. A tambaye ta ko kakarta tana da wasu kalmomi da take faɗa idan ta yi fushi ko tana rarrashin jariri, waɗanda sauran mutanen gida ba sa ganewa. Idan ta tuna ko da guda biyu ne, a rubuta su yadda ta furta, a kai wa mai jin Badanci ko Barbarci ko Fulatanci ya saurara.